Kujeru Biyu a Gefen Taga

Ƙamshin kanumfari ne ya fara gaya mini. Yayana ba ya son kanumfari. Tun muna yara, idan Mama ta sa a shayi, sai ya sa cokali ya tsamo shi ya ajiye a gefen faranti yana yatsina fuska. Amma ranar da ya zo tarbata a filin jirgin Kuala Lumpur, da ya sunkuyo zai karɓi akwatina, sai na ji bakinsa cike da ƙamshinsa, ga turare ya zuba kamar ango. Na ce a raina, zaman wata ƙasa yakan sauya wa mutum ɗanɗano. A nan na bar zancen, don hankalina yana kan itatuwan kwakwar manja da ke tsere a gefen titi, da sama mai nauyi da ta sauko kamar za ta taɓa rufin mota.

Ya riga ni zuwa da 'yan shekaru, yana digiri na uku a fannin injiniya da tallafin gwamnati. Ni kuma na biyo shi in yi na biyu a kan tsirrai. Ya sama mini ɗaki a Taman Melati tare da wasu ɗalibai mata, kusa da tashar jirgin ƙasa, shi kuma yana Setapak, a can saman wani dogon gini da 'yan Afirka suka cika. Mama ba ta yarda na taho ba sai don yana nan. "Ai ga yayanki," ta ce, kamar mai nuna mini katangar da zan jingina.

Wata Asabar da safe na dafa tuwo da miyar kuka na kai masa ba tare da na yi waya ba. Ya daɗe kafin ya buɗe. Ɗakin a rufe ruf, labule a sake, littattafansa sun yi ƙura. Na fita baranda in shanya tsumman da na goge tebur da shi, sai na ga kwalaben giya a jere a bayan injin wanki. Na tsaya ina kallon su. Koraye ne, rana tana ratsa su, har wani kyau suka yi, kuma na ji haushin kyan nan ƙwarai.

Bai yi musu ba. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Na gwada bari, ƙanwata. Na rantse, na yi kaffara, na sake rantsewa. Watan azumi nakan riƙe kaina tsaf. Ranar salla da yamma, in kowa ya watse, sai ka ga ƙafata ta san hanya." Ya ce malamin da ke duba aikinsa ya fara gajiya da uzuri. Ya ce shi ya sa ya daina kiran Mama ta bidiyo, sai murya kawai. "Don Allah kar ta ji."

Na ce ba za ta ji daga bakina ba. Na zuba masa tuwo, na tsaya a kansa sai da ya ci.

A jirgin komawa na fito da waya, na rasa abin da zan rubuta. Ban san abin da nake nema yana da suna ba. A gida, abin da na sani shi ne a kai mutum wurin malami ya yi masa rubutu, ko a taru a yi masa faɗa, ko a yi shiru har ya lalace. Na yi ta rubuta jimloli da Turanci ina gogewa, har na ci karo da bayanin wasu mutane da suka daina sha, ko suke ƙoƙarin dainawa, suna haɗuwa su zauna su yi magana. Ba likita, ba mai wa'azi. Su kaɗai, kowa da nasa. Akwai lambar waya a ƙasa. Na sauka a tashata, na tsaya ƙarƙashin wata bishiya mai jan fure, na kira.

Wata mata ce ta ɗauka, muryarta a dishe kamar ta wadda ta yi dariya da kuka da yawa a rayuwa. Da Turanci muka yi magana. Na yi ta kewaye-kewaye, wani ɗan'uwana, wani da na sani. Ta bar ni na gama.

"Boleh," ta ce, wato babu damuwa. "Ƙofa a buɗe take. Amma ki fara tambayarsa, shi yana so? Ke kina so, na ji a muryarki. Shi nake tambaya."

Da na kai masa zancen ya yi tsaki. "Allah Ya rufa mini asiri, ni kuma in je in tona da bakina a gaban Sinawa da Indiyawa?"

"Ai daɗin abin ke nan, Yaya. Wa za su gaya wa? Ba su san ko hanyar Kano ba."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Ke dai da mafarkinki. Tun kina yarinya kike hira da tukwanen fulawa." Amma ya karɓi wayar ya duba wuraren da ake taron. Akwai na kusa da Setapak, akwai na tsakiyar gari. Ya wuce su duka, ya sa yatsa a kan wanda ya fi kowanne nisa, can ɗaya ɓangaren birnin, inda sai an canza jirgi. "Nan. Nan babu Bahaushen da zai gan ni."

Ana yin taron ne ranar Asabar bayan la'asar, a saman wani shagon wanki. Matakalar ƙanƙanuwa ce, tana ƙamshin sabulu da ɗumin tufafi. Sau ɗaya a wata ana barin dangi su shiga, kuma muka yi dace ranar farko irin wannan rana ce, don haka na ga ɗakin da idona. Kujerun roba ne aka kewaya da su, da butar shayi a kusurwa, da biskit a cikin gwangwani, da taga ɗaya babba mai kallon titi. Akwai wani tsohon direban tasi ɗan Indiya mai farin gashin baki, shi ke buɗe taro. Akwai wata Basiniya mai gajeren gashi, da na ji muryarta na gane ita na kira. Akwai wani saurayi Bamalaye da ya rungume hular babur a cinya kamar jariri. Ba a tambayar sunan uba, ba a tambayar aiki. Abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake kwana.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan dariyarsu. Mutum zai ba da labarin yadda ya ɓoye kwalba a cikin buhun shinkafa, sai duk ɗakin ya ɗauka, ba dariyar ƙeta ba, dariyar wanda ya ce ni ma na yi. Yaya bai ce uffan ba ranar. Amma na ga kafaɗarsa ta sauko kaɗan.

Daga nan ya zama al'adarmu. Duk Asabar mu haɗu a tasha, mu tafi tare. Shi ya hau sama, ni in tsallaka titi zuwa shagon mamak, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi, in sayi shayi mai kumfa in buɗe littafina. Daga teburin da nake zama ina hango tagar. Ba na jin komai, ba na ma ganin fuskoki, sai ƙeyar waɗanda suka ba taga baya. Wani lokaci ruwa ya sauko kamar an buɗe famfo, in rufe littafin in yi ta kallon yadda ɗigo ke bin gilashin yana goge mutanen ciki yana dawo da su.

A jirgin komawa yakan yi mini magana. Na lura ba ya iya faɗin komai idan muna fuskantar juna a tebur, amma idan muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna kallon gine-gine suna wucewa, sai bakinsa ya buɗe. A nan ya gaya mini ranar da ya fara magana a taron, da yadda direban tasin ya miƙa masa biskit. Ƙamshin kanumfari ya tafi. Ya ɗage labulen ɗakinsa. Wata Juma'a ya kira Mama ta bidiyo, ta ce, "Kai, ashe haka ka rame," ta yi ta sa masa albarka.

Sai wata Asabar, ko kumfar shayina ba ta kwanta ba, na gan shi ya tsallako titi da takalmi a hannu.

"Tashi mu tafi."

"Yaya, lafiya?"

"Na ce tashi."

Sai da muka zauna a jirgi ya ce, yana kallon gaba, "Alhaji mai kanti."

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a garin nan ya san Alhaji mai kanti. Yana da ɗan shago a Chow Kit, cikin lungun bayan kasuwar kifi, inda muke samun daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da kilishi. Shi ake kira idan ɗalibi ya rasu, shi ke gaba idan an haihu. Ya yi maƙwabtaka da Babanmu a kasuwa a Kano kafin ya taho. Watannin da Yaya ya fara zuwa taron, Alhaji yana gida Najeriya, ya je aurar da 'yarsa da haɗo kaya, shi ya sa ba su taɓa haɗuwa ba.

"Na tura ƙofa," in ji Yaya, "sai ga shi zaune, hularsa a gwiwa, kofin shayi a hannu. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, barka da yamma, Baba. Ya ce lafiya lau, yana kallon ƙasa. Direban nan ya ce, au, kun san juna? Na juyo."

"Ke nan shi ma..."

"Kar ki ƙarasa." Ya goge fuska da tafin hannu. "Mutumin da ya ci shinkafar sunana. Ta yaya zan buɗe baki a gabansa in ce na sha giya? Kuma ta yaya zan zauna ina ji yana faɗin nasa? Kunnena ba zai ɗauka ba. Shi ya riga ni samun wurin. Babba ne. Na bar masa."

Na ce mu nemi wani taron. Ya ce sauran ko suna kusa da inda mutanenmu suke, ko sun faɗa lokacin da yake ɗakin gwaji. Ya ce kar in damu, yanzu ya ga hanya, zai iya shi kaɗai. Ban yarda ba, amma na yi shiru, don akwai iyakar abin da ƙanwa za ta faɗa wa wanta.

Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Ya fara jinkirin amsa waya. Ranar da na je masa da abinci, na ga labule ya koma. Babu kwalba a baranda, na duba. Amma da ya miƙa hannu zai ɗauko mini kujera, na hango ƙullin leda a aljihun rigarsa, ƙananan baƙaƙen kawunan kanumfari a ciki. Ko bai sha ba tukuna, ya riga ya sayi abin rufe bakin.

Washegari na hau jirgin ƙasa mai bi ta saman titi zuwa Chow Kit. Daddawata ta ƙare da gaske, amma ba ita ta kai ni ba. Na ratsa ta cikin masu kifi da ruwan ƙanƙara a ƙasa, da matan Indonesiya masu barkono, da ƙamshin duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya da har yau ban saba da shi ba, na shiga lungun. Alhaji yana zaune a bayan buhunansa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi karatu, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu samari biyu suna cinikin kilishi suna tsokanarsa.

"Baba, wannan kilishin ya fi ni daɗewa a Malesiya."

"To ka bar shi mana. Babanka ne ya aiko ka saya?"

Suka yi dariya suka saya suka tafi. Shagon ya rage daga ni sai shi da fanka. Ya ɗauko ledar kuka yana ɗaurewa, ya ɗaure ya kwance, ya sake ɗaurewa.

"'Yata," ya ce, idonsa a kan ledar. "Yayanki, yana dai zuwa ko?"

Bai ce ina ba. Ni ma ban tambaya ba.

"Baba, ya daina. Ya ce ka riga shi, ya bar maka."

Hannunsa ya tsaya. "Ya bar mini?"

"Haka ya ce."

"Ikon Allah." Ya ajiye ledar. "Ni ma tun ranar ban sake taka matakalar nan ba. Na ce yaro ne, sabon shiga, ya fi ni buƙata. Idan ya gan ni ba zai iya magana ba. Na bar masa."

Fanka ta juya ta dawo. Sai kafaɗarsa ta fara motsi, ya fashe da dariya har yana share ido da bakin riga. "To wa muka bar wa ke nan? Ɗan Indiyan nan mai gashin baki? Hausawa biyu kacal a wurin, kowa ya gudu don girmama ɗan'uwansa! Kuma kin san abin da ya kai ni can tun farko? Na duba wanda ya fi nisa da Chow Kit, na ce nan babu Bahaushen da zai gan ni."

Ni ma na yi dariya, na sa mayafi na rufe baki. Amma tasa ta mutu da wuri.

"Na daɗe da bari, 'yata, alhamdu lillahi. Tun kina firamare. Amma ban taɓa yin nisa da ɗakin nan haka ba in dai ina gari. Shekaranjiya na tsinci kaina a gaban firijin wani shago, na tsaya kawai ina kallo. Da girmana." Ya girgiza kai. "Shi fa?"

"Ya sayi kanumfari."

Ya gane nan take. Ya ce, "Innalillahi." Sannan ya ce, "To amma yaya za a yi? Ba ƙarya ya yi ba. Ni ma ba zan iya kallon idonsa in faɗi abin da nake faɗa a can ba. Ɗan abokina ne."

A nan jirgin ƙasa ya faɗo mini a rai, da yadda bakin Yaya ke buɗewa idan muna kallon gaba tare. Na tuna kuma da kewayen kujerun nan, da na taɓa zama a ciki. Na ji maganar ta zo mini a cike, ban ji tsoron faɗinta ba.

"Baba, a zaman nan na kewaye, wanda ke gabanka shi kake gani. Wanda ke gefenka ba ka ganinsa sai ka juya. Idan kuka zauna kujera kusa da kujera, ba za ku haɗa ido ba har a tashi."

Ya kalle ni a karon farko tun shigowata. "Ke, karatun tsirrai aka turo ki ko karatun kujeru?"

"Duka biyun, Baba."

"Ja'ira." Ya yi murmushi. "To in na ce ya zo taro, zai ce yana da aiki a makaranta."

"Kar ka ce taro. Ka ce ya raka ka unguwa."

Ya miƙa hannu ya ɗauko wayarsa. A gabana ya kira. Na ji muryar Yaya ta sauya daga can, na san ya miƙe tsaye. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Sannan Alhaji ya ce, "Asabar bayan azahar ka zo kanti, za ka raka ni unguwa. Ƙafata tana damuna." Na ji Yaya ya ce, "To, Baba. In sha Allahu, Baba." Babu yadda za a yi ya ce wani abu daban. Tarbiyyar da ta kore shi daga ɗakin, ita ce ba za ta bar shi ya ƙi aiken babba ba.

Ranar Asabar mu uku muka hau jirgi. Yaya yana riƙe da lemar Alhaji. Ya san inda za mu tun da muka canza jirgi, ya harare ni, na kalli taga ina ƙirga gizagizai. Ba wanda ya yi magana sai Alhaji, da ya yi ta ba da labarin bikin 'yarsa da yadda ruwa ya lalata rumfar.

A gindin matakalar Yaya ya tsaya. Ƙamshin sabulu yana saukowa. Ranar ma irin wadda ake barin dangi su shiga ce, na ɗaga ƙafa zan bi su, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ke ki tsaya ƙasa, 'yata. Kunya ɗaya ta ishe ni yau." Ya juya ga Yaya ba tare da ya kalle shi ba. "Kai kuma riƙe ni, matakalar nan ba ta da mutunci."

Ƙafarsa lafiyarta ƙalau, na ga yadda ya hau jirgi. Amma Yaya ya kama hannunsa, suka hau.

Na tsallaka na zauna a teburina. Mai shagon ya kawo shayi tun kafin in tambaya, ya ce, "Kin ɓata kwana biyu." Na ɗaga kai. A jikin tagar, ga ƙeya biyu kusa da juna, ɗaya mai furfura, ɗaya baƙa wuluk. Ba su juya ba. Na daɗe ina kallo. Can na ga mai furfurar tana ɗan motsi irin na mai magana, baƙar ta sunkuya. Bayan wani lokaci mai furfurar ta tsaya cik, baƙar ta ɗago. Ta daɗe a ɗage. Shayina ya huce ban sani ba.

Sai da aka tashi suka sauko, tare da kowa. Direban tasin ya daki kafaɗar Yaya, ya ɗaga wa Alhaji babban yatsa. Suka tsallako, Alhaji ya ja kujera ya ce wa mai shago ya kawo gurasar roti, "mu makan, mu ci abinci, yunwa nake ji." Idon Yaya ya yi ja, amma fuskarsa a sake take. Ban tambayi abin da aka faɗa ba, ba su gaya mini ba, kuma har yau ban sani ba. Aka yi hirar ruwan sama.

Ba zan ce ya warke ba, don mutanen ɗakin nan ba sa faɗin haka game da kansu, kuma na koyi yin magana irin tasu. Abin da na sani shi ne ya koma aikinsa, malaminsa ya daina ɗaure fuska, kuma duk Asabar kujeru biyun nan na gefen taga nasu ne, sauran mutanen sun saba, ba wanda yake zama a kai. A kanti kuwa, Yaya yana durƙusawa ya gaishe shi kamar kullum, a tambayi karatu, a tambayi gida. Ba wanda zai gan su ya ce sun san wani abu game da juna.

Ƙullin nan na aljihunsa, ni ya ba, a jirgin komawa a wannan rana. Ya ce, "Ungo, ki yi girki." Na ajiye shi a kicin. Kwanakin baya ya zo Taman Melati, na dafa shayi irin na Mama, da citta da kanumfari. Ya kurɓa, ya tsaya, ya ɗauki cokali ya tsamo ƙwaya ɗaya ya ajiye a gefen faranti yana yatsina fuska.

"Ke ma kin ɗauko halin Mama," ya ce. "Wa ya ce miki ana shan wannan abin?"